Ina ake samo kanikawan sashen sabis, kuma ya ake riƙe su?

Manajan_Sabis
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka da shawara. Ni ke riƙe da sashen sabis a wani kamfanin dillancin sabbin motoci, mu ke sayarwa kuma mu ke yin sabis da gyaran garanti. Abin da ke damuna kanikawa ne. Lif, wato na'urar ɗaga mota sama, muna da shi, kwamfutar kamfani muna da ita, motoci kuwa har layi suke yi, amma hannun da zai taɓa su ne babu. In mun sa tallar neman ma'aikaci takardu za su zo da yawa, ka kira mutum ka ba shi mota mai wutar cek injin a kunne ka ce ya nemo matsalar, sai ka ga yana ta zare ido. Wanda ya iya ɗin kuma yana da aikinsa, ba zai taso ba sai ka ninka masa abin da yake samu. Yaran da muke ɗauka mu koya musu kuma da zarar sun fara zama mutane sai su kama gabansu, wasu ma sana'ar suke bari gaba ɗaya. Tambayata biyu ce: ina ake samo ƙwararrun nan, kuma in ka raini naka ya za ka yi ya zauna?

Mai_Sifana10
Wa alaikumus salam. Ka biya su da kyau oga, an gama muhawara 😂

Manajan_Sabis
@Mai_Sifana10 da kuɗin ne kaɗai da abin ya zo da sauƙi. Mun ƙara albashi, wanda zai tafi bai fasa ba.

Tsohon_Foman
Malam manaja, kafin a je batun inda ake samo su bari in tambaye ka wani abu. Yaron da ka ɗauka yau, wa ke koya masa? Sunan mutum nake so ka iya kamawa, ba ka ce min "manyan ne ke koya masa" ba. Don in ka ce kowa ke koya masa to babu mai koya masa kenan. Na biyu, bayan shekara guda da shigowarsa, wane aiki yake yi da ba ya yi a watan farko? Na tsufa a wannan harka kuma abin da na gani shi ne yawancin wurare ba a wajen ɗauka suke asara ba, a shekara ta biyu suke asara. Yaro ya shigo da zafinsa, a ajiye shi a layin juye, ya kwance fulogin baƙin mai ya ɗaura, ya canza filta, ya juya tayoyi, gobe ma haka jibi ma haka. Da ya ƙware a wannan sai manaja ya ƙi matsar da shi don yana da sauri, ana tsoron layin zai tsaya. To ƙwarewarsa ce ta ɗaure shi kenan. Rannan sai ka ji ya ajiye aiki, ka ce yaran yanzu ba su da haƙuri.

YaronLif
Baba wlh kamar ka san ni. Ni ma a layin juye nake, kuma na daɗe. Duk lokacin da na ce a bar ni in bi masta in ga yadda ake sauke giya sai a ce bari motocin nan su ragu, kuma ba ranar da suke raguwa. Abin da na iya na wayarin duk a YouTube na koya da dare. Ba wai ina raina juyen ba ne, amma ban shigo don in mutu a kansa ba.

Manajan_Sabis
@Tsohon_Foman Baba gaskiya tambayarka ta kama ni. Muna haɗa kowane yaro da babba ɗaya, amma manyan ba sa so. Akwai wanda ya faɗa min a fuska cewa yaron ɓata masa lokaci yake yi.

Bakanike_Amurka
Kuma gaskiyarsa ne in dai da yawan aiki kuke biyansa. Bari in yi bayani yadda abin yake a nan Amurka don da yawan dilolin duniya sun kwaikwayi tsarin ko da ba gaba ɗaya ba. Ana kiransa filat ret. Kowane aiki akwai awannin da littafi ya yanka masa. A ce littafi ya ce canjin famfon ruwa na wata mota awa 3 ne, in ka gama a awa 2 za a biya ka na 3, in kusoshi sun yi tsatsa ka kai awa 5 duk dai na 3 ɗin za ka karɓa. In babu mota a gareji kana zaune to a mafi yawan wurare ba ka tara komai, sai ɗan abin da doka ta tilasta. Aikin garanti kuma kamfanin da ya ƙera motar ne ke yanka lokacin, kuma kusan kullum ya fi na kwastoma mai biya da aljihunsa gajarta.

To ka duba, mutumin da rayuwarsa ke kan wannan agogon ka kawo masa yaro ka ce ya tsaya ya yi masa bayanin dalilin da ya sa ake ɗaure kan injin daga tsakiya zuwa gefe. Minti 20 ɗin nan daga aljihunsa suka fita. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Wuraren da abin ke tafiya daidai, ko dai a rubuta wa masta wani kaso na awannin da yaron ya yi, ko a ba shi alawus na koyarwa daban. In ba ka yi ɗaya daga ciki ba to yaron ɗan aike ne kawai, miƙo sifana, share ƙasa.

Wani abin haushi kuma, tsarin yana hukunta wanda ya fi kowa ilimi. Motar da ta gagari kowa, mai matsalar wuta da ke zuwa tana tafiya, shi ake turo wa, ya wuni yana bin waya a biya shi awa ɗaya ta bincike, na kusa da shi kuma yana ta canza birki yana tara awanni. Yaron da ke kallo me zai koya? Zai koyi cewa ilimi asara ne.

Akanta007
Ku dai kuna magana kamar kuɗin daga sama yake faɗowa. Ni ina gefen lissafi. Ɗan koyo a shekarar farko kamfani ke ciyar da shi, ba shi ke kawowa ba: albashinsa, lif ɗin da ya tare, kayan da ya ɓata, motar da ta dawo saboda bai ɗaure wani abu ba, ga lokacin masta. Yanzu kuma a ƙara alawus na koyarwa. Sai ya fara kawo riba sai maƙwabci da bai kashe ko sisi ba ya ƙara masa ɗan abu ya ɗauke shi. Wa zai ci gaba da wannan?

Tsohon_Foman
@Akanta007 ɗana, ka lissafa min kuma nawa lif ke ci in ya wuni babu mai aiki a kansa, da kwastoman da aka ce ya dawo bayan sati biyu ya tafi wani wuri bai sake dawowa ba, har motar gaba ma a can zai saya. Wannan asarar ba ta fitowa a takardarku shi ya sa ba kwa ganinta.

Malamin_Fasaha
Ni malami ne a kwalejin fasaha, ɓangaren mota, bari in amsa tambayar farko tunda kowa ya koma ta biyu. Ƙwararre ba a samo shi a talla, wanda ke yawo a kasuwa kullum yana neman aiki sau da yawa akwai dalili. A makaranta ake kama su tun kafin su gama. Abin da ke ba ni mamaki manajoji ba sa zuwa wurinmu sai sun matsu, su bugo waya su ce a turo musu "mai hazaƙa" gobe. Wanda ya zo tun farkon zango, ya ba mu tsohon injin da giya na koyarwa, ya karɓi ɗalibai horon aiki, ya zauna a kwamitin duba manhaja, shi muke tura wa na gaba-gaba, ba wani sirri.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. General Motors suna da shirin ASEP tun 1979, Toyota suna da T-TEN tun 1986, Ford na da ASSET, Honda na da PACT. Duk tsari ɗaya ne kusan, ɗalibi ya yi kamar shekara 2 yana raba lokaci tsakanin aji da garejin dilan da ya ɗauki nauyinsa, yana koyo a kan motocin kamfanin da kayan kamfanin. Ranar da ya gama ba baƙo ba ne, ya san kowa ya san inda komai yake. Ba sai kana da irin ƙarfinsu ba, da makaranta ɗaya ma za ka iya ƙulla irin wannan.

DanJamus
Malam ya faɗi gaskiya. A Jamus ma abin ya wuce haka don doka ce ta tsara shi. Koyon gyaran mota shekara 3 da rabi ne, yaro yana da kwantiragi da gareji, ana biyansa alawus duk wata kuma yana ƙaruwa kowace shekara, kwana ɗaya ko biyu a sati yana makarantar sana'a sauran yana gareji. Akwai abubuwan da dole a koya masa a rubuce, yana da littafin da yake cike abin da ya yi mai koyarwa ya sa hannu, ba wanda ya isa ya ajiye shi a juye shekara biyu don jarabawa na jiransa kuma in ya faɗi garejin ne ke jin kunya. Kuma ba kowa ke da izinin ɗaukar ɗan koyo ba, sai da Meister, wato mai shaidar masta a sana'ar, ko mai shaidar koyarwa. Tun 2003 suka haɗe bakanike da mai wutar mota suka zama sana'a ɗaya, Kfz-Mechatroniker, don sun ga motar ba ta rabuwa gida biyu kuma. Amma kar ku ɗauka aljanna ce, nan ma kukan rashin ma'aikata ake, da yawa in sun gama masana'antu ke kwashe su don sun fi biya.

Mai_Sifana10
Ni duk wannan takardu-takardun ba su dame ni ba. Na ga mai satifiket cike da jaka bai iya sauke kulochi ba, na ga wanda bai iya rubuta sunansa ba amma da kunne yake gane ciwon injin. Hannu ne sana'a.

Injiniya_Diagnos
@Mai_Sifana10 yayana wannan maganar ta zamanin kafireto ce. Kunne zai gaya maka bearin ya tafi, na yarda, amma kunne ba zai gaya maka me ya sa birenbos ɗin injin ya daina magana da na giya ba. Tun 1996 aka wajabta OBD-II, wato tsarin da ake jona kwamfuta a karanto matsalar mota, a motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai ta biyo da nata a 2001 ga masu fetur, daga 2008 kuma a Amurka dole hanyar binciken ta bi ta CAN, wato layin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansa. Motar yau kwamfutoci ne da yawa suna hira ta wayoyi biyu. Wanda bai iya karatu ba ya zai bi zanen wayarin, ya zai karanta sanarwar gyara da kamfani ke fitarwa, ya zai sabunta manhaja ba tare da ya kashe birenbos ba?

Amma ina tare da kai a abu ɗaya, riƙe sikana, na'urar karanto matsalar mota, ma ba ƙwarewa ba ce. Da yawa suna tunanin kwamfuta na faɗin abin da ya lalace. Ba ta faɗa, alama kawai take bayarwa. Misali kod ɗin P0171, abin da take cewa iska ta yi wa mai yawa a layin silinda na ɗaya na injin. Mai gaggawa sai ya canza oksijin sensa, alhali sensar gaskiya ta faɗa. Zai iya zama tiyo ne ya tsage iska na shiga ta bayan fage, ko sensar awon iska ta yi datti, ko famfon mai ya yi sanyi, ko nozul ya toshe. @Manajan_Sabis in kana son gwajin ɗaukar aiki ga shi nan kyauta. Ka ba mutum wannan kod ɗin ka ce me zai fara dubawa kuma don me. Ba amsar kake nema ba, yadda yake tunani kake nema. Wanda ya ce zai duba fuwel tirim, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, a sulo sannan ya ɗaga rebs ya ga ko ya sauka, riƙe shi da hannu biyu. Wanda ya ce "ban sani ba amma zan buɗe littafin sabis" shi ma ɗauke shi, ana iya gina shi. Wanda ya ce a kawo sabuwar sensa ka yi masa godiya.

Mai_Sifana10
Toh injiniya na ji, amma ranar da kusa ta karye a cikin kan injin dai mu za ku nema 😂

Injiniya_Diagnos
Wannan kam ba musu, shi ya sa gareji ke buƙatar mu duka.

UmmuKhalil_HR
Sannunku da muhawara. Ni ɓangaren ma'aikata nake, kuma ina so in ƙara a kan abin da Baba Foman ya faɗa. Duk wanda zai tafi ina zama da shi in tambaye shi dalili, kuma da farko kowa kuɗi yake cewa don ita ce amsar da ba ta jawo rigima. In ka ɗan ja shi da hira sai gaskiyar ta fito: mai rabon aiki yana ba abokansa aiki mai maiƙo yana tura masa na garanti, ko an yi masa alkawarin kwas an ƙi tura shi, ko manaja ya zage shi a gaban kwastoma. Abin da ya fi yi mana amfani takarda ɗaya ce tak da muka manna a bango, matakai daga ɗan koyo har masta, kowane mataki ga ayyukan da za ka iya yi kai kaɗai, ga kwas ɗin da za ka gama, ga abin da albashi zai koma. Mutum ya san inda ya dosa. Kuma mai koyarwa ne ke sa hannu a kowane aiki, in yaronsa ya haye mataki shi ma yana da nasa kason.

Maganar @Akanta007 kuma, muna sa hannu a yarjejeniya, in mun tura ka babban kwas ka tafi kafin wani lokaci za ka mayar da wani ɓangare na kuɗin, yana raguwa duk wata.

YaronLif
Anti wannan yarjejeniyar ba ɗaure mutum ba ne kuwa? In wurin ba daɗi fa?

UmmuKhalil_HR
@YaronLif ƙanina in an yi ta da zalunci ɗauri ce. Dole ta tsaya a kan ainihin kuɗin kwas ɗin, ba a ƙirƙiri wani adadi don tsoratarwa ba, kuma ka karanta kafin ka sa hannu, dokar ƙwadago ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni kaina ban ɗauke ta maganin komai ba, mutumin da takarda ce kaɗai ta riƙe shi ranar da ta ƙare zai fita.

Akanta007
Ingila ma ai sun ga wannan matsalar ta wani ya horar wani ya kwashe. Tun 2017 duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan kashi 0.5 cikin ɗari harajin koyon sana'a, kuɗin kuma ta hanyar horar da 'yan koyo kake cin moriyarsa. Ko ka horar ko ba ka horar ba ka biya. Irin wannan ne adalci, ba a bar mutum ɗaya da ɗawainiya ba.

Yar_Gareji
Tun ɗazu nake karantawa, yaro yaro yaro. Kuna kukan babu ma'aikata amma rabin jama'a ba ku ma kalle su ba. Ni mace ce kuma wutar mota nake yi. Lokacin da nake neman aiki akwai inda aka karɓi takarduna aka ce ko zan zauna a teburin karɓar baƙi. Inda nake yanzu ba wani abin a zo a gani suka yi ba, wurin canza kaya mai makulli, banɗaki daban, rigar aiki da safar hannu daidai ni, da foman da ya faɗa wa kowa tun ranar farko cewa wasan banza kora ne. Shi kenan. Kuma kar wani ya ce min ƙarfi, akwai jak na giya akwai ƙugiyar ɗaga injin, namijin da ke ɗaga giya da ƙirjinsa ma bayansa yake kashewa.

Tsohon_Foman
Allah ya yi miki albarka 'yata. Maganar baya da kika yi ta tuna min, tsofaffin kanikawa da gwiwa da kafaɗa suka gaji bai kamata a bari su tafi gida da abin da ke kansu ba. Irin su ake mayarwa masu koyarwa a kan albashi tsayayye, a cire su daga tseren awanni.

Kwastoma_Kawai
Ni ba bakanike ba ne mota kawai nake kaiwa, amma ba motocin lantarki za su kashe wannan matsalar ba? Na ji ba juye ba fulogi ba komai.

Rewaya_Zamani
@Kwastoma_Kawai juye da fulogi da bel ɗin taimin sun tafi gaskiya ne, amma taya da birki da shokazoba da sitiyari da AC suna nan, ga kuma tsarin sanyaya batir da ya ƙaru. Abin da ya canza shi ne kuskure yanzu kisa yake yi. Yawancinsu batirin na wajen volt 400 ne, irin su Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5 kuma tsarin 800 ne. Duk wayar da ka gani ruwan lemo kar ka taɓa in ba a horar da kai ba. Akwai safar hannu ta musamman aji 0 mai ɗaukar volt 1000, ana gwada ta kafin a sa, a cire fulogin sabis, a jira kafasito su sauke, a auna da mita a tabbatar babu wuta kafin hannu ya shiga. Wannan ba abin da za ka koya da "kalli yadda nake yi" ba ne. Kuma ba sabon abu ba ne fa, Prius tun 1997 take.

Ko motar fetur ɗin ma, canza gilashin gaba yanzu sai an sake saita kyamarar da ke bayansa, in ba haka ba birkin gaggawa da mai riƙe layi za su riƙa ganin hanya a karkace. Don haka aikin da ake ba sabon shiga ya fara da shi ne ke raguwa, mai wuyar ke ƙaruwa. Ni tambayata ga manajoji, in layin juye ya ragu a ina yaran za su fara?

Bakanike_Amurka
Tambaya mai kyau. Wani abu kuma da ke korar sabbin shiga a nan shi ne kayan aiki. A yawancin garejin Amurka bakanike ne ke sayen nasa, dila na kawo manyan na'urori da na musamman kawai. Motocin masu sayar da kaya irin su Snap-on da Matco da Mac Tools na zagayowa duk sati ana biya kaɗan-kaɗan, kayan masu kyau ne, amma yaron da ke karɓar mafi ƙarancin albashi in bai yi hankali ba sai ya tara bashin dubban daloli kafin ya iya komai. Dilolin da suka waye suna ba ɗan koyo akwatin farko, in ya kai wani lokaci ya zama nasa. @DanJamus na ji ku can gareji ke bayarwa ko?

DanJamus
Eh gareji ke ba da komai, ɗan koyo ma doka ce ta ce a ba shi kayan koyo kyauta. Na yi mamaki da na ji naku.

Malamin_Fasaha
Tunda an taɓo satifiket ɗazu bari in gyara wani abu, akwai na makaranta akwai na sana'a. ASE, cibiyar ba kanikawa shaidar ƙwarewa ta Amurka da aka kafa a 1972, ba ta ba ka shaida don ka ci jarabawa kawai, sai ka haɗa da shekara 2 na aiki da hannu, ko shekara 1 in kana da karatun fannin na shekara biyu. Ka ci jarabawar A1 zuwa A8, wato gyaran injin, giya mai canza kanta, giyar hannu, sitiyari da sasfenshan, birki, wuta, AC, da binciken yadda injin ke aiki, sannan a kira ka masta, kuma duk shekara 5 sai ka sabunta. To @Mai_Sifana10 irin wannan takardar hannu ne a bayanta. Manajan da ke biya wa yaransa kuɗin jarabawa ya kuma ƙara musu wani abu a kan kowacce da suka ci ya samu matakan da Hajiya ta HR ke magana ba tare da ya ƙirƙiri komai ba.

Kwastoma_Kawai
Na gode da bayani. Abu ɗaya da na lura a matsayina na mai kai mota, ban taɓa ganin wanda ke gyara min ba. Wani na gaba nake yi wa bayani, ya rubuta "tana ƙara" kawai, alhali na ce masa sai da safe in na taka birki ina juyawa hagu. Daga baya a ce ba a ga komai ba.

Injiniya_Diagnos
Kai Allah ya biya ka! Wannan na cikin abin da ke ƙona ran bakanike. Katin aiki mara bayani awa guda ce ta tafi a banza, in motar ta dawo kuma sunanka ne ke ɓaci ba na mai rubutun ba. A horar da na gaban ma, su riƙa tambaya yaushe, da sanyi ko da zafi, a wane gudu. Wani lokacin ma a bar bakaniken ya fita gwaji da mai motar minti biyar.

Manajan_Sabis
Jama'a na gode ƙwarai, na kwashi abubuwa. Abin da nake ganin zan fara da shi: alawus ga masu koyarwa, takardar matakai irin ta @UmmuKhalil_HR, da rana ɗaya a sati da kowane yaron juye zai bar layin ya bi masta. Zan kuma je kwalejin da ke kusa da mu da ƙafata. Amma maganar gaskiya har yanzu tambayata ta farko na nan, duk wannan sai nan da shekara biyu uku zai haifar da ɗa mai ido, ni kuma yau nake buƙatar mai binciken wuta, motoci na tsaye.

Mai_Sifana10
Toh ka je ka sato na maƙwabci kamar yadda kowa ke yi 😂

Akanta007
Ka ga abin da nake faɗa ko. In ka sato shi da albashi mai tsoka, tsofaffin ma'aikatanka za su ji, kuma za su ji ɗin, sai ka ƙara wa kowa ko su ma su tafi.

UmmuKhalil_HR
Kafin ka je waje ka tambayi naka. Kanikawa sun san junansu, sun san wa ya iya wa ke cika baki, ka sa tukuici ga wanda ya kawo mutum ya zauna. In kuma ka ga ba wanda ke son kawo abokinsa to wannan ma amsa ce. Sannan ka kira waɗanda suka tafi lafiya, wani ya je ya ga can ɗin ba yadda ya zata ba ne kunya ce ta hana shi dawowa. Masu gyaran janareto da manyan injina da tsofaffin sojojin da suka yi aikin motoci ma suna da tushen wuta da haidirolik, kwas ɗin kamfani kawai suke buƙata.

Tsohon_Foman
Rana ɗaya a sati ɗin nan malam manaja, ka rubuta ta a jadawali da sunan wanda zai riƙe layin ranar. In ka bar ta a baki, ranar farko da motoci suka cika kai da kanka za ka ce yaro ya koma juye.

YaronLif
Oga manaja in kun fara don Allah a ina ake kai takarda? Da gaske nake.

Manajan_Sabis
@YaronLif turo min saƙo ta ciki. Amma ka shirya, P0171 ɗin injiniya zan fara tambayarka.

Rewaya_Zamani
Ya riga ya ga amsar ai, canza masa kod. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min inda sabbin shiga za su fara in juyen ya ragu.

Akanta007
Ni ma ba wanda ya ce min daga wane aljihu alawus ɗin masta zai fito, daga ribar sashen ko a ƙara wa kwastoma kuɗin awa? @Manajan_Sabis in ka kai wa masu kamfanin wannan ita ce tambayar farko da za su yi maka.